Kafin ka zuba miliyoyi a sabar waƙa, fara shawara da kuran ɗin Damagaram

Wani Alhaji da nake yi wa gyaran kwamfuta tun yana da shago ɗaya tak a kasuwar Dole ya kira ni bayan isha'i, wai in zo gida yanzu-yanzu akwai magana. Na ɗauka ko wata na'ura ce ta sake mutuwa. Ina zuwa sai ya miƙo min waya, hoton wani baƙin akwati ne mai sheƙi, babu ko maɓalli ɗaya a gabansa sai ɗan haske, ya ce Malam ka ga wannan, saba ce ta waƙa, ita kaɗai ta rage min falon nan ya cika. Na ce Alhaji nawa? Ya faɗa. Na ce ranka ya daɗe maimaita dai, kunnena bai ɗauka ba. Ya maimaita yana dariya, ni kuwa na yi shiru ina lissafin tankin ruwa nawa kuɗin nan za su cika a unguwarmu, don duk ɗan Damagaram idan aka ambaci manyan kuɗi ruwa yake fara tunawa, haka Allah ya yi mu.

Ba zagin Alhaji zan yi ba fa. Kuɗinsa ne, guminsa ne, kuma mutum ne mai kunne na gaske, ya san bambancin kalangu da kotso ko daga bayan katanga ne. Yana da ampli mai kyau da manyan bafal guda biyu da ya sha wahala kafin ya fito da su daga duwan. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta shi ne ba shi kaɗai ba ne yanzu, ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Sin da ƴan bokonmu da suka zauna Faransa sun fara shigo da irin kayan nan, kuma duk shawarar da suke bi ta mutanen da ke zaune a ƙasar sanyi ce, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma intanet kamar ruwan famfo, to famfon nasu dai.

Ita saba ɗin mece ce? Kwamfuta ce kawai, wallahi kwamfuta ce, an cire mata allo da madannai an sa ta cikin akwatin ƙarfe mai kauri, aikinta ɗaya: ta ajiye waƙoƙinka a faifan ciki, ta jera maka su da suna da hoto, kana zaune kana zaɓa daga waya, sannan ta tura su zuwa DAC, wato akwatin da ke juya lambobi su koma sautin da ampli zai ɗaga. Wasu kuma suna jawo waƙa daga intanet kai tsaye. Akwai Aurender ta Koriya ta Kudu, akwai Innuos ta Fotugal, Melco ta Japan, Antipodes ta Niyu Zilan, sai kuma irin su Taiko Extreme ta Holan wadda kuɗinta ya haura yuro dubu 20. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, yi lissafi da kanka, ya wuce miliyan 13 kenan tun kafin kuɗin jirgi da na duwan. Ko ƙananan cikinsu ma na yuro 1.500 ɗin nan kusan miliyan guda ne a kuɗinmu.

Masu sayarwa suna da hujjarsu kuma ba duka ce ƙarya ba. Sun ce kwamfutar gida tana da hayaniyar lantarki, fankarta na ƙara, tana aiki ɗari a lokaci guda, ita kuwa saba an yi mata wuta mai tsafta da agogon ciki mai daidaito. Na yarda da maganar fanka, na yarda saba mai kyau tana da daɗin amfani, ka danna waƙa ta taso nan take ba sai ka je kana neman linzami ba. Inda muke rabuwa da su shi ne wurin da suke cewa akwatin miliyan 13 zai sa ka ji abin da na jikka ɗari biyu ba zai ba ka ba. Fayil ɗin waƙa lambobi ne, sifiri da ɗaya, in sun isa DAC daidai to sun isa, kuma yawancin DAC na zamani da ake haɗawa ta USB su ke riƙe da agogon da kansu, su ke cewa turo ko dakata, saba bin umarni kawai take yi. Abin da zai iya biyo waya shi ne dattin lantarki, wannan kuwa DAC mai kirki an ƙera shi ne don ya tace shi. Ni da kaina na taɓa gwadawa a gidan wani abokina, muka haɗa sabarsa mai tsada da wata ƴar ƙaramar na'ura tawa a DAC ɗaya, muka daidaita ƙarfin sauti, ɗansa yana canzawa a bayan labule ba mu gani. Mu uku muka yi ta canki-canka har shayi ya huce, wanda ya fi rantsuwa cikinmu shi ya fi faɗuwa. Ban ce wannan ya zama hukunci a kan kowa ba, kunnuwan mutum uku ne a falo ɗaya, amma ni dai tun ranar na daina jin kunyar ƴar na'urata.

To a bar ma wannan gardamar, Turawan da kansu sun shekara suna yinta ba su gama ba. Mu zo gida.

Abu na farko da zai kashe maka saba a garin nan kuran ne, wato wutar lantarki. Wutarmu ta wannan yankin, mu da Maraɗi, kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru a Agustan 2023 da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, watanni muka yi ana rabon wuta kamar rabon zakka. Ko a lokacin lafiya ma, daga Maris zuwa Yuni da kowa ya kunna fanka da kilim, 220 ɗin da aka ce ana ba mu sai ka auna ka ga ta yi ƙasa, can kuma ta dawo da ƙarfi kamar an koro ta. Saba kwamfuta ce na faɗa, tana da tsarin aiki da kundin da take rubuta sunayen waƙoƙi a ciki, in wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu kundin na iya lalacewa, in abin ya zo da ƙarar kwana faifan ma ya tafi. Wasu masu tsadar suna da ɗan abin riƙe wuta a ciki da zai ba su daƙiƙu su kashe kansu a hankali, wannan abu ne mai kyau kuma in za ka saya ka tambaya ko akwai shi, amma ba zai kare ka daga wutar da ta dawo da hauka ba. Na taɓa buɗe wata da aka kawo min daga Sabon Gari, wata uku kacal da sayenta, ɓangaren wutarta ya ƙone ƙurmus, kamfanin ya ce a aiko musu da ita can Turai. Kuɗin aikawa da dawowa kaɗai ya isa sayen babur. Tana nan har yau a saman kabad an rufe ta da zane kamar amarya.

Shi ya sa na ce wa Alhaji, kafin saba sai ondilar, wato akwatin batiri mai riƙe wuta in an ɗauke, mai ba da wuta mai santsi irin ta layi, ba mai arhar nan da ke sa ampli yana kuka zzzz ba, sai regilatar, sai kuma a kira mai aikin lantarki ya kafa sandar ƙasa ta gaske don gidaje da yawa a nan soket ɗin rami uku ne amma na ukun ado ne kawai babu wayar da ta shiga ƙasa. In da hali a ware wa kayan sautin panno da batirinsu. A nan ne ma ƙaramar na'ura take cin riba, ƴar kwamfutar nan Raspberry Pi da aka fara fitarwa a Ingila a 2012 bai kai tafin hannu ba, volt 5 yake ci, wutarsa ba ta kai ta ƙwan fitila ɗaya ba, ka sa masa manhajar kunna waƙa irin Volumio ko moOde waɗanda ake saukewa kyauta, ka liƙa masa faifan ajiya na SSD, ko da ƙaramin batirin cajin waya sai ya yi ta aiki. In ya mutu ka sayi wani ka mayar da katin, ba ka yi asarar barci ba.

Sai zafi da ƙura. Masu tsadar nan yawanci ba su da fanka, jikin akwatin ne ke fitar da zafi, an lissafa shi da ɗakin da ba shi da zafi irin namu. Mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, ɗaki mai rufin kwano da la'asar kuwa sai wanda ya shiga. In kuma mai fanka ka saya, hunturu na zuwa za ta shaƙe ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama ta cusa ta ko'ina, ni nake buɗe su na san abin da nake gani. Saboda haka SSD ya fi faifai mai juyawa a wurinmu tunda babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma kar a kulle na'ura cikin kabad ɗin gilashi don ado, a bar ta ta sha iska, a riƙa hure ta.

Intanet kuma fa? Wani ɓangare na kuɗin da kake biya a manyan sabobin nan na jin daɗin jawo waƙa ne daga irin su Qobuz ta Faransa, wadda ba ta buɗe wa Nijar ba. Spotify ta shigo mana a 2021, yaranmu kuma Audiomack da Boomplay suka fi sani. Manhajar Roon ta jera waƙoƙi da kunna su da ake ta yabo, wadda kamfanin Harman ya saya a 2023, kuɗin wata ake biya wajen dala 15, dalar Amurka fa ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuma sai da katin banki mai aiki a waje. Ga lissafin mega: sautin CD, wato bit 16 da 44,1 kHz, yana cin wajen mega 10 a minti ɗaya, in an matse shi da FLAC ya koma kusan rabi ba tare da an zubar da komai ba, awa ɗaya kenan ta cinye maka mega ɗari uku zuwa huɗu. Wanda suke kira babban sauti na 24 da 192 kuwa awa guda sai ta haura jiga ɗaya cikin sauƙi. Wa zai yi wannan da forfen waya kullum? Kuma kunnen ɗan Adam daga 20 Hz ne zuwa 20 kHz, shi ma na yaro, mu da muka haura arba'in muka sha ƙarar gurup da kabu-kabu saman ya daɗe da tafiya. CD da aka fito da shi tun 1982 ya riga ya rufe duk abin da kunnen nan zai ji. Faifan tera ɗaya zai ɗauki CD wajen dubu biyu da ɗari biyar zuwa dubu uku a FLAC, Alhaji ko zai yi shekara yana saurare bai zagaye ba.

Na tambaye shi abin da ya fi damuna, na ce Alhaji in akwatin ya iso me za ka zuba a ciki? Ya tashi ya ɗauko kile na USB guda uku da wani tsohon katin memori. Muka buɗe. Waƙoƙin da yake so ɗin, na makaɗan fada da na ƴan tauri da kiɗan ƴan kokawa da wasu tsofaffin waƙen mata na biki, duk MP3 ne na 64 ko 128, an kwafe su daga kaset a wani shagon tura waƙa shekaru da suka wuce, an tura ta Bluetooth an tura ta Xender, wani ya juya su bidiyo wani ya sake mayar da su sauti, wasu ma da muryar mai shagon yana tallan kansa a tsakiya. Sunayen fayil ɗin kuwa Track 01, Track 01 kwafi, AUD da lambobi. MP3 in ya zubar da wani ɓangare na sauti ya zubar kenan har abada, babu sabar da za ta dawo da shi ko ta miliyan ɗari ce. Hasali ma kayan sauti masu kyau tona asirin fayil mara kyau suke yi, abin da ƴar rediyo ke ɓoyewa su sai su baje maka shi a faranti. Ka gina rumbu na siminti da ƙofar ƙarfe ka zuba ƙaiƙayi.

Wannan shi ya sa nake ganin maganar ta wuce falon mutum ɗaya. Garin nan tsohuwar fada ce, shi ne babban birnin Nijar kafin a mayar Yamai a 1926, kuma har gobe in Sallah ta zo ka tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni ka ji kakaki da algaita da tambura, sautin da babu bafal ɗin da zai kwaikwaye shi daidai. An ɗauki abubuwa da yawa irin wannan a kaset tun shekarun 1970 da 1980, da wa'azin malaman da suka rasu, da tatsuniya da kirari da wasannin rediyo, suna nan cikin kwalaye a ɗakunan tsofaffi da shagunan da suka rufe. Kaset kuwa zare ne na roba da aka shafa wa garin ƙarfe, yana tafiya santimita 4,76 a daƙiƙa, zafi na sa shi ya miƙe ko ya manne, ƙura na cinye shi, duk shekara sautin na ƙara dusashewa. In mai kwalin ya rasu magada ba su san darajarsa ba, sau nawa na ga yara suna jan zaren kaset a titi suna wasa. Waɗannan ba sa Qobuz, ba sa Spotify, ba wani kamfanin waje da zai zo ya cece su. A Yamai akwai CELHTO da aka kafa tun 1968 don adana abin da aka gada ta baki, akwai cibiyar bincike ta IRSH, gidan rediyon ƙasa ma yana da nasa tsofaffin faya-fayan, amma kwalin da ke ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Zango ko Garin Malam ba ya cikin lissafin kowa sai namu.

Kuma aikin ba wani tsada gare shi ba, haƙuri yake ci. Dek ɗin kaset mai lafiya wanda aka canza wa bel aka goge kansa da alkol aka daidaita shi, ƙaramin akwatin shigar da sauti na USB, manhajar Audacity ta kyauta, sai mutum mai natsuwa da zai zauna, don kaset na minti 90 minti 90 ɗin zai ci babu gajeriyar hanya. A ajiye shi a WAV ko FLAC yadda ya fito da shuuu ɗinsa da komai, kar a ce za a wanke shi a goge asalin, in ana son wankakke a yi kwafi daban. Sannan a rubuta wane ne, a ina, wace shekara in an sani, wane biki, wa ya ba da kaset ɗin, wannan rubutun ma ya fi wuya don sai an zauna da tsofaffi an tambaye su tun suna nan. A yi kwafi uku, biyu a faifai daban-daban ɗaya kuma a wani gida can, saboda gobara da ɓarawo da kuran. Kuma a nemi iznin iyalan masu waƙar kafin a watsa, haƙƙinsu ne, an daɗe ana cin guminsu a shagunan tura waƙa ba ko sisi.

Na san abin da wani zai ce, Malam kai wa ya aike ka, mutum ya nemi shawarar akwati ka kawo masa aikin gwamnati. Gaskiya ne aikin hukuma ne da jami'a, ga Jami'ar André Salifou nan a garin da ɗalibai masu neman abin bincike, kuma da za a samu saba guda a wani ɗakin karatu da kowa zai je ya saurara da ya fi. Sai dai na ga yadda ake jiran hukuma a ƙasar nan, kaset ba zai jira ba. Wani kuma zai ce ai mai kuɗi yana da ikon sayen abin alfahari ko da bai ƙara komai ba, kamar agogon zinariya da na roba duk lokaci ɗaya suke nunawa. Wannan ma ban musa ba, in don kyan akwatin ne da daɗin manhajarsa kake so, saya, Allah ya sa alheri, kawai kar a ce min don sauti ne alhali falon tayil ne ƙasa, siminti ne bango, gilashi ne taga, ka tafa hannu amsa-kuwwa ta dawo maka sau biyu. Kafet mai kauri da labule da janyo bafal daga jikin bango za su canza sauti fiye da kowace saba, wannan kam ko kurma ya ji. Tsofaffin sorayen ƙasa na Birni masu kaurin bango da tabarmi da darduma sun fi falon zamani daɗin sauti nesa ba kusa ba, abin dariya mun rushe su muna gina akwatin siminti sannan muna sayen na'ura ta gyara.

Abin da muka tsaya a kai da Alhaji bayan shayi zagaye uku: zai ɗauki matsakaiciyar saba mara fanka mai SSD wadda take aiki ko babu intanet, kuma wadda in ya ga dama zai kwashe fayilolinsa ya kai wata na'ura ba tare da an ɗaure shi da manhajar kamfani ɗaya ba, don kamfani na iya rufewa ko ya daina sabunta manhaja ya bar ka da ƙarfe. Bai yarda da Raspberry ɗina ba, ya ce Malam wannan abin kamar akwatin ashana ba zan ajiye shi kusa da ampli na ba mutane su yi min dariya, na ce to ranka ya daɗe na ji. Ragowar kuɗin kuwa za su tafi a ondilar da sandar ƙasa da kafet da faifan ajiya biyu. Dek kuma ya ce in nemo, in ba a samu a nan ba a duba Kano.

Jiya da yamma yaronsa ya yi sallama a shago da kwali a bayan babur, kaset 140 da wani abu na mahaifin Alhaji, wasu babu ko rubutu a jiki, guda shida zaren ya tsinke sai na liƙa. Na sa na farko da daddare bayan wuta ta dawo. Muryar wani tsoho ce yana gyara makirfo yana cewa a yi shiru a yi shiru, ana jin kukan akuya a baya, sannan kakaki ya tashi.